Na Cire wa Manjagara Tayoyinta

Ni magini ne, ɗan magini. Ba maso mai jera bulo da siminti nake nufi ba, maginin ƙasa, na soro da azara. A Damagaram na koya a hannun babana, kuma na yi shekara ashirin da wani abu a bisa rufin mutane kafin kwano da siminti su cinye mana sana'a. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san wane ne ya yi wa gidan ƙanena abin da aka yi masa a Bronx.

Ƙanen nawa na ba shi shekara takwas. Shi aka sa lekwal, wato boko, ni aji uku na yi aka ce in zo in taka ƙasa. Shi ya fara zuwa New York, ya kafa tebur a Canal Street yana sayar da bel da tabarau, yana gudu in 'yan sanda sun zo, yana dawowa in sun tafi. Yau butik biyu gare shi, shaguna na sosai, da gida nasa na kansa a can arewacin Bronx, inda gidaje ke da ɗan fili a baya. Kowa Alhaji yake ce masa. Ni ma na wayi gari na ji bakina yana ce masa Alhaji, yaron da na goya a wuya zuwa kasuwar dabbobi.

Shi ya kawo ni, ban manta ba. Na yi dakon kwalaye a wani sito har bayana ya ce ya gama. Daga nan ya ba ni ɗakin ƙasa na gidansa, wanda suke ce wa besmen. Taga ɗaya ce, daidai da takalman masu wucewa, kuma tukunyar ɗumama gida tana maƙwabtaka da kaina, tana gurnani kamar tsohon rago. Amma ɗaki ne mai ƙofa, ni ke rufewa, ni ke buɗewa. Wanda ya yi shekaru yana karɓa-karɓar katifa da mai aikin dare ya san abin da nake faɗi.

Matarsa ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, in na ce ta yi na yi mata ƙarya. Yaya take ce mini, tana rusunawa in za ta gaishe ni, kwanona ba ya makara. Sai dai tana son ɗakin. Tana so ta buɗe rainon yara a ciki, na matan da ke fita aikin kula da tsofaffi. Ba ta faɗa mini ba. Bututun ɗumi ne ya faɗa mini, don duk abin da aka ce a kicin yana gangarowa ta cikinsa ya same ni a kan tabarma.

Wata ranar Lahadi da hantsi na ji ta ce, “To shi Yaya har yaushe?”

Ya ce, “Yaya ai shi ke kula da gidan.”

Ta yi 'yar dariya. “Kula da me, Alhaji? Bola?”

Na ji ƙarar cokali a kofi, shi ke nan.

Daga ranar na san a kan me nake zaune. Kalma ɗaya ce ta riƙe ni a ɗakin nan, cewa ina kula da gida. Na fitar da bola ranar fitar da ita, na share ƙofar gida, na gyara famfon da ke ɗiga, na shafa wa dangar baya fenti ba wanda ya sa ni. Amma duk wannan ko yaro ya iya. Ina jiran aikin da za a gani a ce sai Yaya.

Gidan bene ne, amma a baya an ƙara masa gini mai hawa ɗaya, kicin da wani ƙaramin ɗaki inda matar Alhaji take ajiye shaddar da take sayar wa mata. Rufin wannan ƙarin bai da gangara sosai, dusar ƙanƙara kan zauna a kai ta yi nauyi, bakin rufin ya daskare, ruwa ya rasa hanya ya koma ciki. Haka ya faru a sanyin da ya gabata, aka sa bokiti a kicin. Shi rufin ƙasar nan ba ƙasa ba ne, ba kwano ba. Wasu falle-falle ne na kwalta da aka barbaɗe da 'yar tsakuwa, aka jera su kamar ɓawon kifi.

Da sanyi ya kama, sai ga Alhaji da wani dogon kwali. Ya ce manjagarar rufi ce. Ana tsayawa a ƙasa, a miƙa ta sama, a jawo ƙanƙarar.

Na ce, “A ƙasa? Ka ba ni tsani da shebur, kafin a kira azahar na gama.”

“Bon, Yaya, nan ba Birnin Damagaram ba ne. Ka zame ka faɗo, me zan ce wa mutanen inshora? Me zan ce wa mutanen gida?”

“Ni zan faɗo? Ina bisa soro mai hawa biyu lokacin da kake yawo ba wando, majina har baki.”

Ya yi dariya, matarsa ma ta yi. Na haɗa ƙotar, gaɓa huɗu ta alminiyam, ta fi dogon mutum uku. Ta leƙo ta ce, “Kai, Yaya, sai ka ce za ka kaɗo mana mangwaro.”

Alhaji ya ce akwai takarda a cikin kwalin, in ya dawo da yamma zai karanta mini. Na ce tun da aka haife ni ban ga manjagarar da ke bukatar takarda ba. Na cusa takardar cikin bola da kwalin.

Ƙanƙarar farko ba ta da yawa, na gwada abin yadda ya zo. Bakinsa falle ne mai faɗi, da wasu 'yan tayoyi biyu na roba a gefe da gefe. Ka jawo, ƙanƙara ta zubo, amma tayoyin sun ɗage bakin, ba ya taɓa rufin. Kome ka yi sai ya bar kamar kaurin yatsa biyu a kwance, fari fat. Na ja da baya na tsaya ina kallo, raina ya ɓaci.

A wurinmu, kafin damina, in za a yi wa soro sabon yaɓe da makuba, sai an kankare tsohon har an kai ga ƙasa mai ƙwari. Babana kan bi bayanka da tafin hannu. In ya shafa ya ji abu ya motsa, ba ya magana, ƙeyarka ce za ta ji. Abin da ka bari shi ke riƙe ruwa, ruwan da ya zauna kuwa sai ya sami hanyar shiga. To mece ce ƙanƙara in ba ruwan da ya kwanta ba? Na ce a raina, masu ƙera abin nan sun sa masa taya ne don tsofaffin Turawa marasa ƙarfin kafaɗa, ya riƙa gangarowa da kansa. Na sauka da shi ɗakina, na sa sukundireba na kwance tayoyin, na jefa su a gwangwanin madara. Na ga bakin ya yi dakushi, na ɗauki magagari na wasa shi kamar yadda ake yi wa fartanya. Na yi rabin yini a kai, ina 'yar waƙar taka ƙasa. Rabona da jin daɗin wani aiki haka tun ina gida.

Bayan mako biyu aka yi ta gaske. Aka tashi da safe motoci sun zama kaburbura a layi. Na sha shayi, na sa safa biyu, na fita baya da manjagarata.

A garinmu magini ba ya hawa rufi sai ya ɗaga murya, don matan gida da na maƙwabta su kintsa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba: “Gafara dai masu gida, za a hau bisa!”

Matar Alhaji ta ɗaga tagar kicin. “Yaya, ai a ƙasa kake.”

Na ce, “Haka ne.” Ta sauke tagar.

Na miƙa ƙotar, na dasa bakin, na ja. Ƙarrr. Wannan ƙarar ita nake nema, ƙarar ƙarfe ya sami abin da zai kama. Ƙanƙara ta zubo mini a kafaɗa da wuya, ta shiga cikin riga, ban damu ba. Tare da ita sai ga wani baƙin tsaki yana zubowa, ya ɓata farin da ke ƙasa. Na ce dattin shekaru ne, ba wanda ya taɓa yi wa rufin nan aikin kirki. Na ƙara ƙarfi. Bayana yana ihu, na ce masa ya yi shiru.

Maƙwabcinmu wani tsoho ne ɗan Jamaika, direban bas da ya yi ritaya. Ya zo bakin danga da kofinsa, ya daɗe yana kallona. Sannan ya kira ni, ya ɗaga yatsu biyu, ya ce in bar kaɗan a sama. Ya duƙa da ƙyar ya ɗebo baƙin tsakin da ya faɗo ta wajensa, ya buɗe mini tafin hannu. Ba zan ce ban gane ba. Turancina ya kai nan. Na gane sarai. Amma na dube shi na ce a raina, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan kujera yana murza sitiyari shi zai gaya mini rufi? Na buga ƙirji na ce masa ni bilda ne, wato magini, tun kafin in yi gemu. Ya ɗaga kafaɗa, ya zubar da tsakin, ya koma ciki.

Kafin la'asar na gama. A layin gaba ɗaya rufinmu kaɗai ne baƙi wuluk, ko ɗigon fari babu. Alhaji ya dawo da sauran haske, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

“Kai! Yaya, lashe shi ka yi?”

Ya ɗauki hoto a waya ya tura gida. Kafin magariba yayarmu ta aiko da murya daga Damagaram tana cewa hannun Baba bai mutu ba, har tana kuka. Ranar a sama na ci abinci, a tebur, Alhaji yana tura mini cinyar kaza. Ya dubi matarsa ya ce, “Kin gani ko?” Ta ce, “Na gani. Sannu da aiki, Yaya.” Na sauka ɗakina ina jin ƙofar nan ta ƙara kauri.

Sau uku na yi wannan aiki a sanyin nan. Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba. A karo na biyu wani abu ya faɗo gabana, baƙi, kamar tafin hannu. Na ɗauka na juya shi. Kusurwar fallen rufi ce, ta yage, fuskarta sumul, ba tsakuwa ko ɗaya. Na ɗaga kai na ga wasu wurare suna sheƙi kamar sanƙo. Magini ya san fuskar abin da zai yi yoyo ko da bai san sunan kayan ba. Na sani a nan take. Na duba hagu da dama, na cusa guntun a can ƙasan ledar bola, na ɗaure bakinta da kyau.

Da ƙanƙarar karo na uku ta sauka kuma na sake fita. In na mayar da tayoyin, rufi zai kwana da fari, za a tambaye ni me ya faru da hannun Baba. Sai na ja a hankali, ina rage ƙarfi, ina roƙon Allah. Wasu guntaye biyu suka sake faɗowa. Su ma na san inda na sa su.

Da sanyi ya fara sakin jiki aka yi ruwa kwana biyu ba tsayawa. Ranar Asabar da safe ina shan koko na ji salatin matar Alhaji. Na haura da gudu irin wanda bayana ya yarda da shi. Silin ƙaramin ɗakin ya yi ciki ya sauko kamar na akuya mai shirin haihuwa, ruwa ja-ja yana tsiyaya ta wuri uku, kai tsaye a kan shadda. Kayan sallar mata ne, kowace ta riga ta zaɓi nata. Tana ɗaga turmi ɗaya bayan ɗaya, farare sun zama kalar shayi, tana cewa innalillahi. Ba ta dube ni ba, don ba ta san komai ba tukuna.

Na ce, “Alhaji, samo mini tsani da kwalta. Yanzu zan tsayar da shi.”

Yana riƙe da waya a kunne. Ya ɗaga mini hannu in dakata.

Wanda ya kira wani Bahaushen Gana ne daga Morris Heights, ɗan zango, mai gyaran rufi, da motarsa da tsaninsa. Ruwa na tsagaitawa ya kafa tsani ya haye, ba gafara ba komai. Bai daɗe ba ya leƙo daga sama.

“Ei, Alhaji! Wa ya aske ma rufin nan? Wanzami kuka kira?”

Ya sauko da guntaye cike da hannu. Ya ce a nuna masa abin da ake kwashe ƙanƙara da shi. Ni na je na ɗauko, ba wanda ya aike ni. Ya shafa bakin da babban yatsa, ya janye da sauri.

“Wannan ai wuƙa ne. Ina taya?”

Na ce, “Suna ɗakina.”

“Kai ka cire, Baba?”

“Ni na cire. Ni na wasa.”

Alhaji ya yi sauri ya ce, “Yayana ne. Magini ne a gida.”

“Magini? To wallahi Baba ka yi aiki tsakani da Allah, ko wuri ɗaya ba ka tsallake ba.” Ya yi dariya shi kaɗai, da ya ga ba mai taya shi ya daina. Ya ce tsakuwar nan ita ce fatar rufin. Ya ce yatsa biyun nan da gangan ake bari, nauyi kawai ake ragewa, a buɗe wa ruwa bakin rufi, sauran rana ta ƙarasa. Abin da direban bas ya gaya mini ke nan kyauta a bakin danga.

A garinmu in soron da ka yi ya yi yoyo, mai gida kan zo ƙofarku cikin ruwan. Ya zage ka, ya haɗa da wanda ya koya maka, unguwa ta fito ta ji. Kai kuma ka ɗauki kwando da ƙasa ka bi shi, ka hau, ka toshe, ka sauko jiƙe sharkaf. Shi ke nan an gama. Ranar kasuwa ya gaishe ka, baɗi ya sake kiranka. Wannan zagin na tsaya jira. Na tsaya a tsakar filin baya da manjagara a hannu ina jira ƙanena ya buɗe baki.

Ya ce wa ɗan Gana, “Dama rufin ya tsufa. A sake shi duka.”

Na ce, “Rufin bai tsufa ba. Ni na ɓata shi, ni zan gyara. In ba ku yarda in hau ba, ko kaya in riƙa miƙa masa.”

“Yaya, ka huta.”

“Ban gaji ba.”

“Ka huta, Yaya. Bayanka.”

Matarsa tana tsaye a ƙofar kicin, ta ji komai. Ba ta ce uffan a kan rufi ba, ran nan ko bayanta. Da azahar ta ƙwanƙwasa ƙofata, ta rusuna kamar kullum.

“Yaya, don Allah za a shanya shaddar nan a wajenka. Nan ya fi ɗumi, ga tukunya kusa.”

Me zan ce? Ni na buga mata ƙusoshin, ni na ja igiyoyi huɗu daga bango zuwa bango. Mako uku ina kwana ƙarƙashin shaddar da na ɓata, ina sunkuyawa in zan je alwala, tana shafa mini fuska in na miƙe daga sujada. A sama ɗan Gana da mutanensa biyu suna ta buga guduma, ni ina zaune ina ƙirga bugun, ina sanin wanda ya shiga daidai da wanda ya kauce. Shadda ta bushe aka kwashe. Igiyoyin ba a kwance ba. Bayan su sai ga kwalaye biyu, wai na ɗan lokaci. Bayan kwalaye sai ga wani mutum da tef yana auna tagata, yana rubutawa, ya ce in ɗan matsa.

Bututun ɗumi bai sake kawo mini wata magana a kaina ba. Ba sauran abin da za a yi gardama a kai.

Bayan ƙaramar salla Alhaji ya sauko da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya zauna a bakin katifa yana juya makullin mota. Ya ce ya samo mini wuri a Grand Concourse, wajen 'yan garinmu direbobin tasi. Ga masallaci kusa, ga jirgin ƙasa a ƙofa, ga masu hira.

“Kuma ba shara, ba bola, ba ƙanƙara, Yaya. Akwai mai kula da benen, shi ke yin komai. Kai dai ka huta.”

Na ce, “Ka zage ni mana.”

Ya ɗago. “Subhanallahi. In zage ka? Kai ne fa babanmu yanzu.”

Ya yi tsammanin ya faɗi magana mai daɗi.

Da safen da zan tashi na zazzage gwangwanin madara, na ɗauki tayoyin na je bayan gida inda manjagarar ke jingine. Na mayar da su, na ɗaure kowane da kyau. Bakin da na wasa kam ba yadda zan yi da shi. Ba wanda ya ga na yi, ba wanda ya taɓa tambaya. Alhaji ne ya kai ni a motarsa, ya ɗaukar mini jaka har hawa na biyar.

Mu huɗu ne a ɗaki biyu, murhu ɗaya. Gadona na kusa da ƙofa, duk mai fita sai ya taɓa ƙafata. Rufin benen shimfiɗaɗɗe ne kamar na soro, na so in ga yadda suka yi wa ruwa hanya, amma ƙofar hawan tana da ƙararrawa, mai kula da benen ya ce in na sake taɓa ta zai gaya wa masu gida.

Wata Juma'ar nakan je gidan Alhaji. A falo ake sauke ni, a kawo mini ruwa a faranti. Ta ƙarƙashin ƙafata ina jin yara suna tsalle, an manna wa tagata hotunan giwa da agwagwa. Sanyin bana na leƙa baya na ga rufin da farinsa yatsa biyu, wasu ake kira su yi. In na tashi tafiya matarsa takan biyo ni ƙofa.

“Yaya, a zuba maka na tafiya?”

Nakan ce a zuba.